Mai Fuska Ashirin

Daren Alhamis a Hull,
ruwa na tsiyaya kamar ba shi da wurin zuwa.
Na baro asibiti da warin magani a wuyan riga,
na hau benen da ke saman shagon kifi da dankali,
inda mutum huɗu ke jirana da taswira.

Gethin direban bas ne da rana,
da dare shi ke riƙe da linzamin labari.
Ba ya cewa ga ta nan, ga ta nanku.
Cewa yake: kuna bakin kogo, fitila na shirin mutuwa,
me za ku yi?
Tatsuniyar da na sani, kaka ke tuƙa ta ita kaɗai,
wannan kuwa kowa da hannunsa a akushi.

Ni ne mai sihirin ayari, a takarda dai.
Fensir ya ba ni gurbi uku,
uku tak, kamar duwatsun murhu.
Duk sihirin da na saki, sai in soke ɗaya,
ba ya dawowa sai jarumina ya yi barci.
Ashe ko a duniyar ƙarya
ba a ba da iko kyauta.

Ga kuma ɗan lidon nan mai fuska ashirin,
shuɗi, bai fi ƙwallon aduwa ba.
Ka faɗi nufinka, ka jefa,
ka tara abin da ya fito da abin da ke takardarka.
In ka kai adadin da ake nema, ƙofa ta buɗe.
In ka gaza, labari ya karkace, ya tafi da kai.

Inna ta taɓa tambayata a waya: Ɗanlami, ba caca ba?
Na ce ko sisi ba a zubawa.
To tsafin fa?
Na ce Inna, roba ce da fensir.
Ta yi jim, ta ce: ka dai yi salla kafin ka hau benen.

Yau dodon kogo ya kwantar da jarumar Rhona,
numfashinta na ƙirga kansa.
Gurbina ɗaya ya saura,
ga rami tsakanina da ita.
Gethin ya ce: tsallaka, sha biyu nake nema.
Duk suka zuba min ido.

Ba su san da la'asar ɗin nan
ina kan gado na tara ba,
wurin tsohon masuncin da ke kirana Dan.
Muna danna ƙirji, muna ƙirga talatin,
muna sakewa,
har likita ya dubi agogo.
Can babu wanda ya miƙo min abin jefawa.

Na girgiza, na saki.
Ya gangara, ya bugi kofin shayi,
ya sulale ƙarƙashin tebur.
Na duƙa. Biyu ce ke kallona.

Gethin bai ko leƙo ba.
Ya ce: abin da ya faɗi ƙasa ba ya shiga lissafi.
Sake.

Sake!
Na daɗe a durƙushe da kalmar nan a kunne,
har Rhona ta ce ko ya ɓata ne.

Sha uku.
Ba ashirin ba, ba abin guɗa ba,
da ƙyar dai, da yatsun ƙafa.
Na soke gurbin ƙarshe, na ɗauki mai fuska takwas,
ya ba ta ɗigo biyar na rai.
Ta buɗe ido, in ji Gethin.
Rhona ta turo min sauran dankalinta.

Na san mai rabo da ajali ba ya jifa,
kuma roba ba ta san kowa ba.
Amma na sauko benen da ita a aljihu,
ina murza kusurwoyinta har tashar bas.
Gobe bakwai na safe
gado na tara zai sha sabon zanin gado.
Bari in je in kwanta,
ko gurbina zai dawo.